Benen da Baba Ya Gina a Tsafe

Ni safiyon gini ne, ba na fili ba, kuma na gaji da yi wa mutane wannan bayanin. Na fili shi ne mai kafa ƙarfe a gona yana leƙe. Ni aikina in shiga gini in ƙwanƙwasa bango, in duba rufi, in rubuta ko zai tsaya ko zai kashe mutane. Shekara huɗu na yi a jami'a a Zariya ina koyon wannan, kuma gini na farko da na yanke wa hukunci na ubana ne.

Malam Garba Magini ake kiransa a Bungudu. Bai taɓa riƙe tef ba, da taku da kamu yake awo, amma in ya ɗaure bakan gizo a soro sai ka ga manya sun tsaya baki sake suna kallon sama. Ba shi da gonar kirki, ba shi da shanu. Sunansa ne dukiyarsa, da shi ya ciyar da mu, da shi ya kai ni makaranta.

A bazarar 1972 na zo hutuna na farko. Na tarar yana Tsafe yana ƙarasa wa Alhaji Mas'udu, wani babban mai sayen auduga, benen ginin ƙasa mai ɗaki shida, aikin da ya fi kowanne girma a rayuwarsa. Na bi shi can da wandon boko da biro a aljihu. Wata bakwai kawai na yi a jami'a, amma ji nake kamar ni na ƙirƙiro gini. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni kuwa nawa har wuya.

Alhaji ya zagaya da ni a gaban jama'a, ya ce, “To Dalhatu ɗan boko, mi kag gani?”

Na ce, “Alhaji, gini ya yi. Amma wanga yaɓen makuba na mutanen da ne, kowace shekara sai an sake. A shafa mai sumunti ciki da waje, an huta har jikoki.”

Baba yana tsugune yana wanke hannu. Bai ɗago ba, ya ce, “Ƙasa dai tana son shan iska.”

Alhaji ya kwashe da dariya. “Malam Garba, kai kak kai shi karatu ko ni? Ka biya kuɗin ilimi kuma ka ƙi shan romonai?”

Kowa ya yi dariya, har da ni, Allah ya yafe mini. Baba ba zai ƙaryata ɗansa a gaban mutane ba, ko da wuƙa aka ɗora masa a wuya. Ya yarfe hannunsa, ya ce, “Yadda yac ce.” Aka kawo sumunti daga Gusau, aka shafe benen tas, ya fito sumul har mutanen Kucheri suna zuwa kallo ranar kasuwa.

Sai a shekara ta uku malaminmu ya zana abin a allo. Ya ce sumunti a jikin ginin ƙasa yakan yi tsaga siririya kamar gashi. Ruwan sama ya shiga ta nan, ya rasa hanyar fita, ƙasa ta jiƙe ta ciki, bakin azara ya ruɓe, gara ta samu gida. Daga waje kuwa ba za ka ga komai ba sai ranar da ginin zai rufta. ’Yan ajinmu suna ta rubutu, ni kuwa benen Tsafe kawai nake gani. Wasiƙa ɗaya ta isa a fasa sumuntin tun da sauran dama, amma ban rubuta ba. Na ce sai na je hutu, na je hutun na kasa buɗe baki. Kunya ce, ba wani abu ba, kuma har yau in na tuna ina jin haushin kaina.

Da muka gama, abokaina suka watse. Wasu kamfanonin gini suka ɗauke su zuwa Kaduna da Ikko, wasu bankuna don kimanta gidaje, ɗaya ya zauna koyarwa. Ni na zaɓi gida, na kama aiki a wani ofis a Gusau a 1976, shekarar da aka ce kowane yaro sai ya shiga makaranta. Azuzuwa suka yi kaɗan. Alhaji Mas'udu ya ba da benensa a zuba yara tamanin kafin a gina musu nasu, shugabana kuwa ya miƙo mini takarda ya ce in je in duba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na isa Tsafe da hantsi, damina ta yi nisa. Benen yana nan tsaf. Na ɗaga ƙaramar gudumata na buga bangon gabas, ya amsa kamar ƙwarya. Na fasa wuri kamar tafin hannu, sai ƙasa ta zubo jiƙe sharkaf tana wari. Na hau sama na danna ƙusa a bakin azara, ta shige ba tare da na sa ƙarfi ba. Azara goma sha ɗaya na gwada, biyu ne kawai suka ƙi.

Na sauko na sami Alhaji da mutanensa a ƙofar gida. Na faɗa musu ba yaron da zai zauna a ciki, na kuma faɗa musu gaskiyar da na ɓoye shekara biyu: ginin Baba ba shi da aibu, sumuntin da na sa aka shafa ne ya kashe shi.

Wani tsoho ya ce, “Sumunti? Shi da aka yin gada da shi mota ta hau?”

Alhaji ya dafa kafaɗata. “Allah shi yi ma albarka, Dalhatu. Ɗan halak ke nan, shina ruhwa ma ubanai asiri. Amma mu ba yara muke ba. In ba don sumuntin ga ba, ai da tuni ya hwaɗi.”

Na rantse, na zana musu a ƙasa da tsinke, na yi ta bayani har muryata ta dushe. Duk yadda na dage sai su ƙara yaba mini, su ƙara tabbata Baba ne ya yi kure. Na rubuta dalilin a rahotona shafi biyu cur, shugabana ya karanta layin ƙarshe kawai ya buga hatimi. Kafin in isa Bungudu labari ya riga ni, wai ɗan cikin Garba Magini ma ya ce gininsa kashe mutane yake. A makon nan aka janye masallacin da zai fara a Magami aka bai wa masu bulo.

Na same shi a zaure, na durƙusa, kuka ya ƙwace mini.

Ya ce, “Yara nawa za su zamna ƙarƙashi?”

Na ce, “Tamanin, Baba.”

“To mi kaka wa kuka? Ka yi aikinka. Ni da nis sani niy yi gum da bakina, ni ad da laihi.”

Gara ya zage ni, wallahi. Zagi yana da ƙarshe.

Da aka zo rushe benen, ba wanda ya yarda ya hau shi. Baba kaɗai ya san wace azara ta ɗauki wace, da wadda za a fara zarewa kada rufi ya rufta da mutane. Alhaji ya aika masa, ya zo. Ni kuma ofis ya turo ni in tsaya a kai da takardar shaidar an gama. Kwana uku ina kallon tsoho mai shekara sittin da biyar yana kwance aikinsa da hannunsa, daga sama zuwa ƙasa, jama'a suna gefe suna cewa ai dama ginin ƙasa ya kwana biyu.

A rana ta uku aka zo kan bangon ƙarƙashin matakala, wani lungu da mai shafe ya yi ƙyuya bai kai sumunti ba. Baba ya ciro tubali guda ya miƙo mini.

“Hwasa shi.”

Na buga da guduma, ta yi tsalle. Na sake bugawa da ƙarfi har hannuna ya yi zafi, ɗan gefe kawai ya ɓalle. A bushe yake ƙayau.

Ya ce, “In akwai wuri ga takardar taka, rubuta wanga ma.”

Na duba takardar gaba da baya. Akwai wurin kwanan wata, da sunan mai gida, da sa hannuna. Babu wurin wannan. Baba ya jira kaɗan, ya ga ban ɗaga biro ba, ya karɓi tubalin ya jefa kan tarin ƙasa ya koma bakin aiki. Shekara uku ya ƙara a duniya, kuma ko katangar bayan gida ba wanda ya sake kiransa ya gina.