Hasashen Lowell Gaskin

"Kashe injin! Buford, na ce ka kashe shi!"

Muryar Renita, editar jaridar, ita ce ta tsaga ɗakin ɗab'i. Buford ya danna jan maɓalli, injin ya yi gurnani ya tsaya, jaridu kusan ɗari biyu zube a bakinsa, tawadarsu ko bushewa ba ta yi ba. Ta fizgi guda, ta haye bene tana taka matakala bibbiyu, ta dire ta a teburin Lowell Gaskin har shayinsa mai ƙanƙara ya fantsala.

"Kawu, mene ne wannan?"

Lowell ya gyara zaman tabarau a karan hanci. Shafinsa ne na baya, inda ya shekara arba'in da shida yana rubuta sharhin share fage duk ranar Alhamis, kafin wasan ƙwallon Amurka na ranar Asabar. Wasan jibi kuwa ba irin sauran ba ne. Kwalejin Corbell ta garinsu za ta kara da Kwalejin Tarver ta tsallaken kogi, kuma daga wannan sun rabu, don Tarver ta samu gurbi a babban rukuni. Wanda ya ci, shi zai riƙe ƙararrawar tagulla ta tsohon jirgin ruwa, wadda suka yi shekaru suna ƙwace wa juna, ya riƙe ta har abada.

"Sharhi ne, 'yata. Me ya same shi?"

"Karanta mini sunan mai jefa ƙwallon Corbell."

Ya bi layin da yatsa. "Wendell Gaskin."

Sai da sunan ya fita daga bakinsa sannan ya shiga kunnensa. Wendell ƙanensa ne. Shekararsa shida a kabari.

Buford ya hawo yana haki, yana goge hannu da tsumma. "Ai ba shi kaɗai ba ne, tsoho. Mai tare hanyan nan da ka yabi ƙarfinsa, da ni aka ɗauki gawarsa. Wanda ka ce ya fi barewa gudu kuwa, yanzu da sanda yake zuwa coci. In waɗannan ne za su buga jibi, sai a jera motar asibiti goma sha ɗaya a bakin fili."

"Rufe mana baki, Buford," in ji Renita. Ta sa farce a ƙasan shafin. "Sunayen ma da sauƙi. Dubi nan."

Corbell za ta ci da maki ashirin da huɗu, Tarver ashirin.

Buford ya daina dariya. Tsumman ya faɗi daga hannunsa.

Kowa a garin ya san dokar, har masu gyaran gashi da direban motar makaranta. Sau ɗaya tak Lowell ya taɓa ba Corbell nasara a kan Tarver, a sharhinsa na farko, yana saurayi, ƙanensa na jagorantar ƙungiya. Ran nan saura daƙiƙa tara, Wendell ya jefa ƙwallon da zai kawo nasara, wani ɗan Tarver mai lamba ashirin da bakwai ya yi nutso ya cafke shi. Ƙararrawa ta haye kogi a bayan motar ɗaukar auduga. Tun daga nan Lowell yake ba Tarver duk shekara, ko da 'yan wasansu guragu ne. In Corbell ta ci, a ce hasashen Lowell ya kore mugun baki. In ta faɗi, a ce ai gaskiya ya faɗa. Mutane ba sa hura garwashin gasa haƙarƙari sai sun buɗe shafin baya sun ga ya kayar da su.

Kuma yau, ba tare da ya sani ba, ya sake rubuta wancan sharhin na farko, kalma bayan kalma, daga ka.

Renita ta jawo kujera ta zauna kusa da shi. Ta sassauta murya. Mahaifinta abokinsa ne tun firamare, a cinyar Lowell ɗin ta koyi karanta sakamakon wasa.

"Kawu, wancan watan ka manta inda ka ajiye mota. Makon jiya ka kira ni da sunan mamata. Na rufe maka, na sake rufewa. Wannan kam ba ya rufuwa. Ƙarfe huɗu motar raba jarida za ta tashi. Minti arba'in ke gare ka. Ko ka rubuto mini wasan bana da yaran bana, ko in cike gurbin da hoto, shafin kuma ya bar hannunka daga yau."

"Kin ji ta, ko?" Lowell ya dubi Buford. "Yarinyar da na saya wa alewa."

"Alewar ta narke, tsoho. Rubuta."

Suka bar shi. Ya ɗauki takardar sunayen 'yan wasa ya koma bakin taga, wadda ke kallon filin atisaye.

Ranar kaka ta karkata, ta zuba wa ciyawar wani haske mai kama da zuma. Can gefe 'yan badujala na gwaji, gangar tana isowa a makare, kamar daga ƙarƙashin ruwa. Yaran sun jeru cikin hulunan kwano, sun duƙa, sun kara, sun watse. Mai jefa ƙwallon ya ja da baya taku uku, ya ɗaga hannu.

Lowell ya duba takarda. Tavion Reddick, ɗan shekara ashirin. Ya ɗago kai, sai ga Wendell, da kafaɗar nan ta hagu da ke ɗan faɗuwa kafin ya yi jifa, da lasar yatsu biyu. Ƙwallon ya tashi yana juyi a hankali, ya ratsa ganyayen da ke kakkaɓowa, ya daɗe a sama har Lowell ya ji ƙamshin gyaɗar da mahaifiyarsu ta dafa ran nan, ya ji sanyin benci a cinyarsa, ya ga jaridar farko naɗe a aljihun Wendell. Da safiyar wasan ya zo masa da ita ɗaki, yana murmushi har kunne.

"Yaya, ka ce za mu ci. A jarida fa! Kowa ya gani."

"To, kar ka kunyata ni."

Wasa ya yi masa. Amma daga ran nan Wendell bai sake taɓa ƙwallo ba, bai sake kallon wasa ba ko a talabijin. Duk shekara kuma, in sharhin ya fito an ba Tarver, sai ya bugo waya ya ce kalma uku kacal, "Har yanzu, Yaya?" ya ajiye.

Ƙwallon ya sauko a hannun wani yaro dogo. Koci ya busa usur. Mai jifan ya cire hular kwano, sai ga kitso a kansa da fuska wadda ba ta kowa ba ce sai tasa. Tavion. Ya yi tsalle ya bugi ƙirjin abokinsa suna dariya.

Lowell ya koma tebur ya fara bugawa. Kowane suna sai ya ɗora yatsa a kansa a takarda, ya faɗe shi a fili, sannan ya rubuta. Ya rubuta cewa masu tare hanyar Tarver manya ne kamar akwatunan sanyi, amma suna gajiya bayan hutun rabin lokaci. Ya rubuta cewa Tavion na da hannu, sai dai yakan yi gaggawa in an matse shi ta hagu. Ya rubuta iskar da ke tasowa daga kogi da la'asar tana karkatar da bugu. Saura minti shida ya miƙa wa Renita.

Ta karanta a tsaye, leɓɓanta na motsi. Ta yi ajiyar zuciya. Sai idonta ya kai ƙasa.

"Kawu. Ka manta ba ka canza layin ƙarshe ba."

"Ban manta ba. Yau Alhamis, ke ce Renita, motata na bayan kantin magani. Ina sane."

"Kai, ka haukace?" in ji Buford. "Matata ta riga ta jiƙa haƙarƙari cikin yaji! In muka faɗi jibi, ba ni zan fara jifan gidanka da ƙwai ba, amma wallahi ni zan sayar da ƙwan."

"Shekara arba'in da biyar ina rubuta abin da ban yarda da shi ba, don ku ci namanku cikin kwanciyar hankali. Yaron can zai buɗe jarida gobe da safe. Ba wani wasan bayan wannan da zan gaya masa gaskiya."

"In suka faɗi, garin nan ba zai yafe maka ba," in ji Renita. "Ni ma ba zan iya kare ka ba."

"Na sani. Sunana ne a sama, ba naki ba."

Ta dube shi. Sannan ta miƙa wa Buford takardar ba tare da ta waiwaya ba.

"Buga."

Buford ya sauka yana gunaguni, yana roƙon Ubangiji ya dubi marayun Corbell. Jim kaɗan bene ya fara rawa a ƙarƙashin ƙafafunsu. Lowell ya jingina a kujera ya lumshe ido. Ƙarar injin ta zame masa kamar ta jirgin ruwa mai tahowa daga tsallake, da ƙararrawa a gabansa tana kaɗawa.

Aka ƙwanƙwasa gilashin ƙofa.

Wani dattijo ne dogo, yana ɗingishi, sanye da hular hana sallah mai ruwan hoda da baƙi, launin Tarver. A makon nan ko kare ba ya tsallako gada da wannan launin. Ya cire hular ya riƙe a ƙirji. A ɗayan hannun akwai yankin jarida da ya yi ruwan ƙasa don tsufa.

"Sannunku da aiki. Malam Gaskin nake nema."

"Ga ni. Ban gane ka ba."

"Ba za ka gane ni ba, cikin hular kwano ka gan ni. Luther Rainey. Lamba ashirin da bakwai." Ya shimfiɗa yankin jaridar a tebur, ya danne shi da yatsu. "Likita ya ce ba lallai in ga wata kakar ba, shi ya sa na hayo. Ƙwallon ƙanenka ya taɓa ƙasa kafin in cafke shi. A doka cafkar ba ta ƙirgu ba, da Corbell ta sake samun damar jifa. Alƙalin wasa bai gani ba. Ni na gani. Ina so ka sa a jarida kafin jibi."

Renita ta dubi Lowell. Lowell ya dubi matakala. A ƙasa injin na ta zubo jaridu, Buford na tsaye taku biyu daga jan maɓallin, yana fito.