Kaskar Ragon Tsafe

Komai ya canja ranar da aka sayo wa Rahama ragon kiwo daga kasuwar Tsafe. Ragon ya zo da kaska har cikin kunne. Ta zauna a tsakar gida, ta ɗora kansa a cinya, tana cire su da farce. Mijinta, Malam Ummaru, tsohon malamin makaranta a Gusau, ya tsaya nesa da littafi a hannu.

"Matso mana, Malam," in ji ta. "Ba ta shan jinin masu ilimi, ɗaci gare shi."

Bayan kwana biyu zazzaɓi ya kama ta. A kemis aka gwada, ba maleriya, amma aka yi mata allurar maleriya. A Bunguɗu, gidan iyayenta, aka ce taifot ce. Ta sha magani, jiki ya ƙara zafi, ƙuraje suka feso har tafin hannu. Ummaru na goge mata jiki da ruwan sanyi ya ga wani baƙin ɓawon miki can saman cinyarta, kamar ƙunar garwashi.

Da aka kai ta asibiti a Gusau, ta daina gane mutane. Mahaifinta, Alhaji Yelwa, ya zauna bakin gado, mahaifiyarta Inna na gefe.

Likita ya ɗebi jini, ya tambaya, "Akwai abin da ya cije ta? Wani ƙwaro? Ko wani tabo a jiki?"

"Babu," in ji Alhaji. "Ɗiyata ba daji take zuwa ba."

Ummaru ya buɗe baki, ya dubi surukinsa, ya sunkuyar da kai. Wane miji ne zai ambaci cinyar mace a gaban ubanta? Ya ƙudurta zai tare likitan a waje. Kafin ya samu fita, an kira likitan ɗakin tiyata, likitan da ya canje shi kuma ya ci gaba da maganin taifot. Ummaru ya lallashi kansa: ai gwajin jini zai faɗa.

Gwajin ya faɗa, amma bayan an binne Rahama, an share makoki. Cutar kaska ce. Likitan ya ce da ya san da cizo, ba zai jira sakamako ba, maganinta kafso ne da ke kowane kemis.

Har yau a Bunguɗu ana yabon Ummaru da kunya. Yakan amsa da "Alhamdu lillahi", maganar da bai faɗa ba ran nan na nan a ransa: likita, a fitar da su, ka duba cinyarta.