Shekara Shida a Takarda

Ina da wata 'yar ɗabi'a da ban taɓa ɗauka a bakin komai ba: ina rage wa mutane shekaru. Shekara ashirin da biyu ke nan ina zaune da teburina a gindin dogon yaro, gaban meri, ofishin magajin garin Malanville, ina rubuta wa mutane wasiƙu da Faransanci, kuma da wuya wani ya tashi daga bencina da shekarun da ya zo da su. Mai neman aikin jandarma in cire masa uku. Wanda aka makara sa shi lakwal, wato makarantar boko, in cire masa biyu. Ni kaina, a takarda ƙanena ya girme ni da shekara ɗaya, kuma yana tuna mini duk ranar salla.

Abdulwasi'u ɗan kabu-kabu ne, yana ɗaukar fasinja a moto tsakanin kasuwa da bakin gada. Shekara biyu da suka wuce ya tsaya gaban teburina da 'yarsa Na'ima goye a bayansa, ya ɗaure ta da zanen uwarta. Haka aka haife ta, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ta jin komai. Duk inda za ta, lakwal ko likita, a bayansa take zuwa. Ya ɗaga mini gefen siket ɗinta ya nuna mini ƙaurinta na dama. Wani farin tabo ne kamar faɗin tafin hannu.

"Bututun hayaƙin moto ne, Mushe Issufu," ya ce, don Mushe ake ce mini, wato Malam da Faransanci. "Ta yi tsawo, ƙafar tana lilo. Ita ba ta jiya ba. Ni na ji ƙaurin nama, har ina waiwayen mai tsire."

Ya ji labarin wata ƙungiya a Kwatano da ke ba yara keke mai ƙafa uku, irin wanda ake tuƙawa da hannu. Ƙungiya ta biya kashi uku, iyaye su biya kashi ɗaya. Ya karɓo takardun daga ofishin sosiyal mai kula da jin daɗin jama'a, shafi huɗu, ya ajiye mini tare da dala ɗari, wato sefa ɗari biyar, kuɗin aikina.

Na tambayi shekarunta. Ya ce sha ɗaya, an haife ta shekarar da ruwa ya ci gonakin shinkafa na Garou, a gida, ba ta da takardar haihuwa.

Na yi irin murmushin da nake yi idan zan koya wa mutum duniya. Na ce masa masu taimako mutane ne masu tausayi, amma tausayinsu yana da tsawo, bai wuce ƙugun babba ba. Yaro ya haura goma, sai tausayin ya fara duba agogo. Na ce zan ɗan rage mata.

"Kai ka san aikinka, Mushe," ya ce.

Na rubuta shida. Wurin tsawo na kwatanta da jikar maƙwabcina na sa mita ɗaya da 'yan kai. Wurin nauyi na sa kilo sha takwas. Takardar likita ƙafafu kawai ta yi magana a kai, hoto kuma fuska ce, fuskar Na'ima kuwa 'yar ƙarama. Sannan na haɗa da wasiƙa wadda har yau nake ganin ita ce mafi kyau da na taɓa rubutawa. Da na karanta ta da ƙarfi sai da muryata ta yi rawa, ko da yake daga ni sai akuyar mai gadin meri muke jin Faransanci a wurin.

Jikka arba'in ne rabonsu, sefa dubu arba'in. Marka, uwar yarinyar, mai tuyar masa a tashar Gaya, ta kwashe adashenta ta haɗa da tunkiyarta guda. Takardu suka tafi. Daga nan sai jira. Duk sanda suka wuce ta gaban teburina Na'ima takan leƙo daga bayan ubanta.

"Kawu Issufu, ka ce musu shuɗi nake so?"

"Na ce musu."

"Ka ce da ƙararrawa?"

"Shafi guda na yi a kan ƙararrawa."

Marka ta gaya mini kullum da safe yarinyar tana ɗaga taɓarya sama sau hamsin, wai kada keke ya zo ya tarar da hannuwanta ba ƙarfi. Ta kuma saƙa rigar kujera da zaren ulu, shuɗi da fari, ta auna da mazauninta.

Ranar Larabar da aka kira su na sa babbar rigata, don na ɗauka za a nemi sanin wanda ya rubuta wasiƙar. An kafa rumfa a farfajiyar ofishin sosiyal. Kekuna tara a jere, kowanne da takarda manne a kujera. Akwai manya, akwai matsakaita. Abdulwasi'u ya ajiye moto a inuwa, ya kwance zanen, ya rungumo Na'ima a ƙirjinsa. Ƙafafunta sun kai masa gwiwa. Marka tana biye da rigar kujerar a leda, ta sa mayafinta na zuwa biki.

Madam Hasiya, shugabar ofishin, ta yi jawabi da Faransanci, ta maimaita da Dendi, ta fara kiran suna. Na'ima ce ta bakwai. Wani ma'aikaci ya turo keken daga can ƙarshen layi.

Shuɗi ne. Yana da ƙararrawa. Tsawonsa bai kai mini cinya ba.

Ban san tsawon lokacin da muka yi muna kallonsa ba. Abdulwasi'u ne ya fara motsi. Ya durƙusa da yarinyar, ya yi bisimilla, ya sauke ta a kan kujerar. Ƙugunta ya tsaya a kan ƙarafan gefe biyu, ya ƙi shiga. Ya ɗaga ta, ya karkata ta, ya sake gwadawa. Ya ce wa Marka ta cire mata zanen da ke kan siket, ko shi ne ya ƙara mata faɗi. Marka ta cire. Ya lanƙwasa ƙafafun da hannunsa ɗaya bayan ɗaya, gwiwoyin suka tokare abin tuƙin. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa a kan sabon fenti.

"Kaɗan ya rage," ya ce. "Marka, riƙe nan. Kaɗan ne."

"Baba," in ji Na'ima. "Bari."

"Ki ɗan matse, ɗiyata."

"Baba, mutane na kallo. Bari hakanan."

Bai bari ba sai da Marka ta dafa kafaɗarsa. Ya zauna a ƙasa da yarinyar a cinyarsa, kamar yadda ake zama da jariri ranar suna. Na'ima ta miƙa hannu ta taɓa ƙararrawar sau ɗaya. Tana da zaƙin murya ƙwarai.

Madam Hasiya ta zo da takardu a hannu. Ta dubi shafi, ta dubi yarinyar, ta sake duban shafi.

"An rubuta shekara shida a nan. Ko da shekara biyun jira, takwas ke nan, kuma sun bar mata wurin girma. Shekarunta nawa?"

"Sha uku," in ji Na'ima da kanta.

"Wa ya cika takardar?"

A nan ne na gano cewa takalmina na hagu yana buƙatar ɗinki, na duƙufa ina nazarinsa. Abdulwasi'u bai ko dubi inda nake ba.

"Madam, mu munka kawo ta hakanan," ya ce. "Ba a iya kai shi wurin Maigandi mai walda ya buɗe shi kaɗan? Ni zan biya."

Ta ce ba faɗin ba ne kawai. Ƙafafun keken ƙanana ne, ƙarfen an yi shi don kilo ashirin da biyar, in aka ɗora masa fiye da haka zai karye da ita a tsakiyar titi. Ba da faɗa ta yi maganar ba. Ta ma durƙusa ta gyara wa Na'ima ɗankwali.

"To a musanya muna da babba," in ji Marka, tana nuna layin. "Ga su can."

"Kowanne da mai shi, Inna. An ƙera su ne da awon kowane yaro."

"To mu sake takarda. Mu jira. Mun iya jira."

Madam Hasiya ta naɗe takardun da ke hannunta.

"Sha uku ta wuce shekarun da ƙungiyar ke ɗauka," ta ce. "Kuɗinku za su dawo in Kwatano ta sa hannu. Keken kuma za a ba wadda ke biye a layi, wata yarinya a Guéné."

Marka ta buɗe leda ta fito da rigar kujerar, ban san don me ba. Ta riƙe ta a hannu tana dubawa. Da an shimfiɗa ta a kan keken da ta rufe shi har ƙafafu. Aka kira suna na takwas, mutane suka yi tafi.

A bakin ƙofa na same su. Abdulwasi'u ya hau moto, Marka ta ɗora masa yarinyar a baya tana ɗaure zanen. Na zo da jawabi a bakina, mai gabatarwa da kammalawa, amma abin da ya fito shi ne, "Baban Na'ima, ni ne."

"Haba Mushe," ya ce. "Ba ka ji mi ta ce ba? Manya ba su ɗauka. Da ba ka rage ba, da ko duba mu ba su yi. Kai ka sa har munka ga keken da idonmu."

"Shuɗi ne kuwa, Kawu," in ji Na'ima. "Ka iya wasiƙa."

Na duba fuskarta in ga ko zolaya ce. Ba ta kallona. Tana kallon uwarta, wadda ta tsuguna tana naɗe mata ƙaurin dama da rigar kujerar, ninki biyu, ta ɗaure da bakin zare don kada bututu ya taɓa fata.

"Ta yi daidai nan," in ji Marka.

Ya tada moto. Marka ta ce ita za ta taka, kaskonta yana jiranta a tasha. Na tsaya ina kallon ƙafar nan mai shuɗi da fari tana lilo har suka sha kwanar kasuwar albasa.

Maganarsa ta bi ni har gindin dogon yaro, kuma in faɗi gaskiya na karɓe ta hannu biyu. Mutumin yana da hankali. Ai haka ne, manya ba su ɗauka. Ni dai na buɗe musu ƙofar da take rufe, awo ne kawai ya kuskure. Kafin in kai teburina har na fara jin cewa ni ma an ɗan zalunce ni, ga babbar riga na sa a banza.

Bayan la'asar babu kowa a benci. Na jawo akwatin ƙarfen da nake ajiye kwafin takardu, ina so in sake karanta wasiƙar nan tawa, ko na ji sanyi. Tana nan manne da shafuka huɗun ƙungiyar. Na tuna a shafi na biyu na fara cikawa, don a nan guraben suke. Shafin farko bayani ne kawai, irin wanda ƙwararre ba ya ɓata lokaci a kai.

Layi na uku ya ce ana karɓar yara daga shekara huɗu zuwa sha biyu. Ranar da na cika takardar, Na'ima tana da sha ɗaya.