Janaretan Katung

Katung yana kwance rigingine a kan kwali, rabin jikinsa a ƙarƙashin motar, yana kankare tsohon soson rage ƙara da ya ƙone a bangon akwatin janareta. Baƙin gari yana zubo masa a fuska. Rana ba ta kai tsaka ba, amma kwaltar garin Woodbridge na Amurka har ta fara dafa masa baya.

Motar irin mai ɗaki ce, da gado da ɗan kicin a ciki. Ya saye ta lokacin yana aiki a wata cibiyar kwamfutoci a Sterling, da niyyar ya zaga da iyalinsa su ga ƙasa. Tafiya ɗaya suka yi. Da kwangilar ta ƙare ya kama kwalbar giya, har ranar da ya ɓalla ƙofar banɗaki matarsa Constance ta fitar masa da kaya. Tun bazara yake kwana a motar, a gefen gidansa. Ya daina sha, amma ƙofa ba ta buɗe ba. Ko wayar wuta ta hana a ja daga gidan, sai janareta yake kunnawa don ya samu sanyin esi.

Constance nas ce, aikin dare take yi, da rana take barci. Ranar Laraba ta tsaya daga nesa ta ce, "Baban Martina, wannan ƙarar ta ishe ni. Ko ka yi maganinta, ko ka nemi wani wuri."

Shi dai abin da ya ji shi ne, akwai "ko".

Ya fito ya wanke bangon akwatin da fetur har maiƙo ya fita, ya bar shi ya bushe. Sannan ya kira abokinsa Sabo, wani bakaniken Bakano da ke Fort Washington.

"Robar nan mai nauyi za ka fara mannawa," in ji Sabo. "Ita ke kashe girgiza. Sai soson a kanta, gefen alminiyam ɗin ya kalli injin, shi ke mayar da zafi. Kada ka toshe kafar iska, kada kuma soso ya kusanci salansa. In ba haka ba wuta za ka kwana a kai."

"Na ji."

"Katung, wai har yanzu a waje kake? Ka bari in turo matata Maman Khalil ta yi mata magana mana."

"Bari in gama wannan tukuna. Za ka gani."

Ya auna, ya yanka, ya shafa gam. Gefen ƙarfen ya tsaga masa babban yatsa, ya naɗe da tsumma ya ci gaba. Wani yanki ya manne a karkace, ya ɓamɓare shi yana tsaki, ya sake yanka wani. Kowace gaɓa ya bi ta da tef ɗin alminiyam, yana murzawa da bayan cokali har ta kwanta lif. Ƙarƙashin gadonsa ma, inda zafin injin ke hudowa ya hana shi barci, ya shimfiɗa ragowar. Bai ci komai ba sai ruwa.

Wajen la'asar ya rufe akwatin ya danna maɓalli. Janaretan da ke ruri kamar injin niƙa sai ga shi yana gurnani can ƙasa-ƙasa. Katung ya ja da baya har bakin ciyawa, ya kasa kunne. Har kukan tsuntsu yana ji a kan bishiyar maƙwabci. Ya wanke hannu, ya canza riga, ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar gidansa.

Constance ta fito da ɗankwali a ɗaure, idonta da sauran barci.

"Maman Martina, zo ki ji."

"Me zan ji?"

"Ai shi ke nan. Yana kunne fa."

Ta tako har gefen motar, ta tsaya hannuwa a harɗe. Ya buɗe baki yana mata bayani, robar, soson, kafar iskar da ya bari. Ta dubi tsumman da ke yatsansa, jini ya rine shi, ta kau da kai.

"Ka yi aiki mai kyau," ta ce. "Duk inda ka ajiye ta yanzu ba mai korarka."

"Ina zan ajiye ta? Ga ni nan."

Ta juyo ta dube shi.

"Katung, na samu aiki a Houston. Ƙarshen wata za mu tashi, ni da Martina. Lauya zai kira ka a kan maganar gidan."

"Amma kin ce in na yi maganin ƙarar..."

"Na ɗauka ba za ka iya ba. Na ɗauka za ka yi zuciya ka tafi da kanka, in huta da faɗa maka."

"Na daina sha. Kin sani."

"Na sani. Allah ya ƙara maka ƙarfi." Muryarta ba faɗa a ciki, kuma wannan ya fi masa ciwo. "Na gaji ne kawai."

Ta koma ciki ta rufe ƙofa a hankali.

Ya shiga motar ya zauna a bakin gado. Katifar ba zafi, esi yana busa sanyi. Tagar ɗakin Martina tana buɗe a sama, kuma a karo na farko tun bazara yana iya jin abin da ke faruwa a gidan. Ƙarar salatif ce ake ja ana liƙe kwalaye, ƙiii, ƙiii. Sai muryar 'yarsa, da Turanci, tana tambayar uwarta ko a sabon gidan za ta samu ɗaki mai banɗakinsa. Constance ta ba ta wata amsa da bai kama ba, su biyun suka yi dariya.

Katung ya sauko, ya zagaya gefen motar, ya zare sakatar akwatin ya wangale murfin. Rurin janaretan ya cika layin. Ya tokare murfin da guntun katako, ya koma ciki ya kwanta.