Inda Za a Kafa Tanti

Motar ta sauka daga kwalta ta kama burji, Dada ta ƙara rungume ƙullin da ke cinyarta. Tun daga unguwarsu Yalwawa 'yarta Radiyya ke cewa ta kawo a saka a bayan mota, ita kuwa tana cewa ai ba nauyi. Alhali da nauyinsa. Zannuwanta ne a ciki, da 'yar tukunya, da buta, da sauran maganin hawan jini, da farin yadin da ta daɗe da tanada domin ranar da ba ta da makawa.

Shekaranjiya ta ji maganar. Tana alwala a bakin famfo, surukinta Sagiru yana waya a ƙofar falo. "Eh, na samo tanti biyu," ta ji yana cewa. "Can bakin dam za a kafa. Har da Dada mana, ai saboda ita ma za a je."

Dada ta san tanti. Daminar da ruwa ya ci ƙauyensu a bayan Aujara, a cikinsa ta zauna, a filin makarantar firamare, ita da wasu mata da 'ya'yansu. Da rana zafi, da asuba raɓa tana ɗiga a ka, abinci sai an bi layi. Daga can Radiyya, autarta, ta ɗauko ta ta kawo ta Dutse, aka ba ta ɗakin da ke kusa da kicin. Ta yi iya yinta kada ta yi wa kowa nauyi. Ba ta neman ƙari, ba ta fitowa tsakar gida in mai gidan yana nan sai dole. To amma baƙo raɓa ne, balle uwar mata a gidan suruki. Yaron nan ya yi haƙuri. In yau ya ga lokaci ya yi, ba ita za ta buɗe baki ta tambaye shi dalili ba.

"Dada, ga ruwa!" in ji jikarta Umaima, tana buga gilashi da yatsa.

"Na gan shi," in ji Dada, ba tare da ta ɗaga kai ba.

Suka tsaya a wani fili. Dam ɗin ya shimfiɗu tsakanin duwatsu, shiru, sai balbelu a gefe da wani masunci a kwalekwale can nesa. A hannun dama akwai wata farar mota doguwa mai tagogi da labule, an girke tukunyar gas a gindinta, wata mata da mayafi tana soya wani abu. Dada ta ce a ranta, ashe masu rabon kaya har sun iso. Ta duba inda layin yake, ba ta ga kowa ba.

Sagiru ya sauke jakunkuna, ya nufi bakin ruwa yana taka yashi. "Nan ya yi," ya ce. "Ƙasa a baje, ga iska. Da safe mutum yana buɗe ido sai ruwa."

"Sai sauro dai," in ji Radiyya. "Ga inuwar tsamiya can, ka bar ta ka zo nan rana ta gasa mu?"

"Ni ba zan kwana a gindin tsamiya ba," in ji Umaima. "An ce da masu ita."

"To kin ji malamar aljanu." Sagiru ya yi dariya, sannan ya rage murya. "Tambayi Dada. Inda ta zaɓa nan za a kafa."

Wannan ma karamci ne, Dada ta ce a ranta. Wancan karon ba wanda ya tambaye ta. Ta ɗora ƙullin a ka, ta fara tafiya a hankali, Radiyya na biye da ita.

Bakin ruwan ba ta ko tsaya ba. Ta nuna wa Radiyya busasshen yayi da ya yi layi a jikin ciyawa, sama da inda jakunkunan suke. "Har nan yake zuwa," ta ce. A gindin tsamiya ta ɗan jima, ta kalli rassan, ta ture wani dutse da ƙafa, cinnaku suka watse.

"Yanzu da daɗi," ta ce. "Amma in damina ta faɗi, duk ruwan dutsen nan ta nan zai bi."

"Wace damina kuma, Dada? Ko gero ba a gama kaiwa rumbu ba."

"Yau da gobe ai ba ta barin komai."

Ta kama hawa. Gwiwoyinta suna ƙara, ta ƙi tsayawa sai da ta kai wani tudu mai tsakuwa, da babban dutse ta gabas da zai tare iska. Babu inuwa sosai, sai wata 'yar aduwa. Ta sauke ƙullin, ta zauna a kai, ta juya wa ruwan baya.

"Nan," ta ce.

Radiyya ta iso tana haki. "Dada, nan ai ko dam ɗin ba a gani sai an leƙa."

"Ba kallo ya kawo ni ba. Waɗancan rufin kwanon da nake hange, gari ne?"

"Wani ƙauye ne, ina jin."

"Da rijiya?"

"Mun taho da ruwan roba, katan guda."

"Zai ƙare ai." Dada ta gyara bakin mayafinta. "In da mutane kusa, shi ke nan. Ko ba komai, ranar da ta Allah ta kasance a samu matan da za su yi wa mutum wanka."

Radiyya ta tsaya da murmushin da ta taho da shi, bai gama barin fuskarta ba.

"Ki ce masa na gode," Dada ta ci gaba, idonta a kan tsakuwa. "Abin da ya yi mini, ɗan da na haifa ma sai haka. Kada ki sa wa ranki komai, kada kuma in ji kin yi masa fushi. Abu ɗaya nake roƙo, in da hali ki riƙa kawo mini yarinyar nan, ko ranar Juma'a ce."

Radiyya ta durƙusa. Ta kai hannu ta ɗaga bakin ƙullin, ta ga gindin tukunya, ta ga farin yadi. Ta mayar ta rufe.

"Dada," ta ce. "Kwana ɗaya za mu yi. Gobe bayan azahar mu koma gida, mu duka. Yawon shan iska ne."

"Shan iska."

"Wallahi. Mutane suna yi. A zo bakin ruwa, a gasa kifi, a kwana, a koma."

Dada ta dube ta sosai, irin duban da take yi mata tana yarinya in ta ce ba ita ta sha nonon ba. "Mutum da ɗakinsa, da ƙofarsa, da katifarsa, ya kulle ya taho jeji ya kwana a ƙyalle? Ba abin da ya kore shi?"

"Ba abin da ya kore shi."

"Waɗancan masu farar motar fa?"

"Daga Kano suke. Ɗaki ne a cikin motar, har da gado. Ƙila ma gidan bene suka baro."

Dada ta riƙe haɓa. "Allah mai mutane," ta ce a hankali.

Ba su ji hawowar Sagiru ba. Yana tsaye a ɗan nesa da jakar tanti a kafaɗa, kuma da gani ya ji abin da ya isa. Ya sauke jakar, ya cire takalmi, ya tsuguna a kan tsakuwar, kansa a ƙasa. Bai kalli Dada ba. Matarsa ya yi wa magana.

"Radiyya, ki gaya wa Dada likita ne ya ce zaman ɗaki ya yi mata yawa, a riƙa fita da ita. Na yi ta tunanin inda zan kai ta, ban tuna ba ko kaɗan..." Ya shafa ƙeya. "Ki ce mata ɗakin nan nata ne. Ni ne ma nake jin kunyar ƙanƙantarsa. Ta yafe mini. Bari in mayar da kayan, mu koma yanzu."

Ya miƙe, ya saɓi jakar, ya juya zai gangara.

Daga ƙasa muryar Umaima ta taso, tana kiran a zo a ga kifin da masuncin ya kawo. Dada ta saurara. Sannan ta dafa ƙasa, ta juya a hankali a kan ƙullin, har ta fuskanci inda ruwan yake. Daga nan ɗan yanki kawai ake gani tsakanin duwatsu biyu, yana ƙyalli, ba ya zuwa ko'ina.

"Auta," ta ce. "Ki ce masa ya bari."

Sagiru ya tsaya.

"Ya kafa a nan ɗin. Ƙofar ta kalli can." Ta goge ido da bakin mayafi, kamar wani abu ne ya faɗa mata. "Ban taɓa kwana a tanti ina da gidan komawa ba. Bari in ji yadda yake."