Fasfas a Kujerar Ƙarshe

Karafan ɗin ya riga motar zuwa gidan. Daga nan komai ya karkace.

Ja'afaru mai gyaran mukayyif ne, na'urar sanyaya ɗaki. Aiki ya kai shi Badar, wajen wani manomin dabino, sai ya ga karafan ɗin a bayan sito, ƙura ta rufe shi: ɗaki guda a kan taya, da gado, da murhu, da 'yar taga mai labule. Leƙawa ɗaya ya yi, zuciyarsa ta shiga ta ƙi fitowa. Ba a jima ba aka sauke masa shi a ƙofar gida, a Harra ta Yamma, cikin Madina. Nan ya kafe. Ƙaramar motarsa ta aiki ko tsani aka ɗora mata sai ta yi nishi, balle ɗaki. Kyanwoyin unguwa suka tare a ƙarƙashinsa. Maƙwabta kuwa kullum bayan la'asar sai sun tambaya, “Abu Yazid, yaushe ne tafiyar?”

Sanyi ya shigo, hutun makaranta ya matso. Matarsa Sundus ta riga ta faɗa wa yaransu biyu za a je bakin teku a Umluj. Ta kuma faɗa wa mahaifiyarta, Hajiya Sabuwa. Hajiya ta ce da ita za a je.

Nan abin ya tsaya masa a wuya.

A Maiwurno ya tashi, can Sudan, a hannun kakarsa, gidan da namiji ba ya haɗa ido da surukarsa, ba ya kiran sunanta, ko ruwa ba ya kurɓa tana kallo. Tun da ya auri Sundus, Hajiya ba ta taɓa ganin bakinsa yana motsi a kan abinci ba. Ita kuwa a Madina aka haife ta. Ta san al'adar sarai, sai dai ta mayar da ita abin wasa. Duk ranar da ya je gaishe ta a unguwar Ranuna, ya durƙusa a bakin ƙofa, sai ta turo farantin dabino har gabansa.

“Bismilla mana, Malam.”

“Na ƙoshi, Hajiya.”

“Kai kullum a ƙoshe. Masha Allah, 'yata ta iya girki.”

Ba ta dariya. Kafaɗarta ce kawai ke rawa.

Ga kuma ɗaya larurar. Ja'afaru ba ya iya doguwar tuƙi sai yana ɓarzar fasfas, 'ya'yan nan masu gishiri da ake fasawa da haƙori a tofar da ɓawon. Da bakinsa ya tsaya, idonsa ya fara lumshewa. Hanyar Umluj kuwa doguwa ce, miƙaƙƙiya, babu abin kallo sai duwatsu. In ya ci, Hajiya ta gani. In bai ci ba, barci ya kwashe shi da iyalinsa da ɗaki a bayansa. Saboda haka ba motar jan karafan kaɗai yake nema ba. Yana neman motar da za ta ja karafan, ta kuma ajiye Hajiya inda ba za ta ga bakinsa ba.

Bai faɗa wa kowa ba. Dama shi ba mai yawan magana ba ne.

Ranar Asabar suka je kasuwar motoci shi da Sundus. Dole da ita, don da sunanta za a rubuta motar, ita ce 'yar ƙasa. Dillalin da ya tarbe su Tahir ne, Bahaushen Chadi, gajere mai tumbi, makullai na kaɗawa a aljihunsa.

“Ya zol!” in ji Tahir, haka yake tsokanar duk wanda ya fito daga Sudan. “An ce ka sayi gida ka rasa jakin da zai ja shi.”

“Nuna min mota, ka bar surutu.”

Tahir ya kai su gaban wata farar wanet, mai buɗaɗɗen baya da kujeru layi biyu. Ya buga mata hannu a ƙugu.

“Ga maganin karafan. Dizal ce. Ga ƙarfen ja a jikin shasi, ba liƙi aka yi ba. Ta hau tudu da ɗakinka ba za ta san tana jan komai ba.”

Ja'afaru bai ko sunkuya ya duba ƙarfen ba. Ya shiga mazaunin direba, ya gyara madubi, ya ce, “Shiga baya.”

“Ni?”

“Kai. Zauna nan bayana.”

Tahir ya shiga yana zare ido. Ja'afaru ya kama sitiyari, ya kafa ido a gaba, ya fara tauna iska.

“Me kake gani?”

“Ina ganin mutum yana tauna babu komai a bakinsa. Lafiya kuwa?”

“Kana gani sosai?”

“Har kunnenka yana motsi, wallahi.”

Ja'afaru ya fito ya rufe ƙofar. “Ba ta yi ba.”

“Injin ko ka kunna?”

“Ba ta yi ba na ce.”

Sundus tana tsaye a inuwa da jakarta. Ta dubi mijinta, ta dubi motar. Sai ta ja mayafi ta rufe bakinta.

Aka zaga. Duk motar da Tahir ya nuna, sai an sa shi a baya, sai Ja'afaru ya tauna iska. Sauran dillalai suka fara taruwa suna kallo. Wani ya tambayi Tahir da Larabci ko sabuwar hanyar gwajin mota ce. Tahir ya ce e, daga Sudan aka kawo ta.

Can ƙarshen layi suka iske wata jims, doguwar motar iyali mai kujeru layi uku, launin toka. Tahir ya rarrafa har kujerar ƙarshe yana haki.

“Yanzu fa?”

“Ƙeyarka kawai nake gani. Ita ma sai na miƙa wuya.”

“A madubi fa?”

“Goshinka.”

A karon farko ranar, fuskar Ja'afaru ta saki.

Tahir ya fito yana share gumi. “Wannan fetur take sha kamar raƙumi ya dawo daga sahara. Za ta ja, ba na ce ba za ta ja ba. Amma waccan wanet ɗin ta fi ta a wannan aikin.”

“Ita nake so.”

Sai a lokacin Sundus ta matso. Hausa take ji tas, amma da Larabci take amsawa, sai in ta so tsokana ta jefa Hausar. Ta tambayi Tahir nauyin da motar ke iya ja, ta faɗa masa na karafan ɗin, wanda ta karanto a jikin ƙarfensa. Ta tambaya ko akwai wayar da ke haɗa birkin mota da na karafan. Ta ce a sa mata dogayen madubai a gefe. Sannan ta hau mazaunin direba, ta jawo kujerar gaba har ƙafarta ta kai, ta ce a maƙala mata wata tirela da ke ajiye a filin. Ta zaga da ita, ta dawo da baya a hankali, ta tsaya daidai inda ta ɗauke ta.

“Masha Allah, Ummu Yazid,” in ji Tahir.

Ja'afaru bai damu ba. Sundus malama ce a wata makarantar ƙauye bayan gari, kullum tana kan hanya, son sitiyari a jininta yake. Shi hankalinsa na kan kujerar ƙarshe. Har ya fara tunanin matashin da zai sa wa Hajiya a wurin.

A hanyar gida Sundus ta ce da Hausa, “Abu Yazid, wa za ka ajiye a can ƙarshe?”

“Wuri ne mai faɗi. Babba ya kamata ya samu.”

“Ɗayyib,” in ji ta, ta juya tana kallon taga.

Ranar tafiya suka maƙala karafan bayan sallar asuba, kyanwoyi suka watse. Ja'afaru ya shimfiɗa bargo mai laushi a kujerar ƙarshe, ya sa matashi, ya sa gorar ruwa. Babbar jakar fasfas kuwa ya ɓoye ta a aljihun ƙofarsa. Suka biya Ranuna. Hajiya ta fito da sandarta da ƙullin kayanta. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya tashi da sauri ya naɗe kujerar tsakiya don ta wuce.

Ta leƙa can ciki. Ta daɗe tana kallo.

“Wannan kogon na wa ne?”

“An gyara miki ne, Hajiya.”

“Allah ya yi albarka. Amma gwiwata ba ta lanƙwasuwa, kuma baya jiri yake sa ni.” Ta buɗe ƙofar gaba, ta miƙa wa Sundus sandar. “Ke, koma wajen 'ya'yanki.”

Sundus ta sauka ba musu, da sauri ma. Hajiya ta hau, ta zauna daram a gefen direba, ta gyara mayafi.

“Bismilla, Malam. Mu je.”

Suka fita daga gari. Motar tana ja lafiya lau, karafan na biye kamar ɗan rago. Ja'afaru ya riƙe sitiyari da hannu biyu, wuyansa a sandare, ko madubin dama ba ya iya dubawa sai ya ji kamar ya kalle ta. Gidaje suka ƙare, baƙaƙen duwatsu suka fara. Yara suka yi surutu suka gaji suka yi barci. Rana ta hau. Hanya ta miƙe.

Hamma ta farko ya haɗiye ta. Ta biyu ta fi ƙarfinsa.

Sai ya ji ƙas. Ya ji ƙas kuma.

Hajiya ce ta kwance ƙullinta. Fasfas ne, irin mai gishiri da lemon tsami, wanda ya fi so. Tana fasawa a nutse, tana tara ɓawon a tafin hannu. Ƙamshin ya cika motar.

“Bismilla mana, Malam.”

“Na ƙoshi, Hajiya.”

“Masha Allah.”

Ƙas.

Ya ciji leɓe. Ya mintsini cinyarsa. Ya buɗe taga, iska mai sanyi ta mare shi, ya rufe don kada ta dami Hajiya. Ya yi salati a zuci har ya rasa inda ya tsaya. Farin layin titi ya fara zama biyu. Wata babbar mota ta wuce su da gudu, iskarta ta kaɗa karafan, ya ji bayan motar ya yi rawa. Ya farka firgigit, ya daidaita ta, gumi na bin ƙeyarsa.

Ƙas ɗin ma ya tsaya.

A gidan mai na gaba ya sauka daga titi. Ya fito, ya zaga bayan karafan kamar mai duba ƙarfen ja. Ƙarfen lafiyarsa ƙalau. Ya tsaya nan shi kaɗai yana kallon duwatsu. Tun ranar da ya leƙa tagar nan a Badar yake ganin kansa a kan sitiyari, hannu ɗaya a waje, ɗakinsa na binsa. Ya tuna rawar da motar ta yi, da yaran da ke barci. Sai fuskar kakarsa ta faɗo masa, da irin kallon da za ta yi masa in aka ce mata ya zauna kafaɗa da kafaɗa da surukarsa yana tofar da ɓawo.

Sundus ta zagayo ta same shi. Hannu kawai ta miƙa.

Ya dube ta. “Tun a kasuwa kika sani.”

“Tun kana tauna iska a gaban mutane,” in ji ta da Hausa tsantsa. “Umma ma na ba ta labari. Har sai da ta yi tari don dariya.”

Ya sa mata makullin a hannu.

Ya naɗe kujerar tsakiya da kansa, ya rarrafa ta gefen yara zuwa kogon da ya gyara. Bargon da laushi. Matashin daidai wuya. Sundus ta jawo kujerarta gaba, ta gyara dogayen madubanta, ta hau titi ba gargada. Sai a lokacin ya tuna jakarsa tana can a aljihun ƙofar direba.

Bai daɗe da tunawa ba ya ji muryar Hajiya.

“Ke, miƙa wa na baya wannan. Ni wuyana ba ya juyawa, ban san ko wa ke can ba.”

Ƙullin ya bi ta kan kujeru ya faɗo a cinyarsa. Ya leƙa. Ƙeyar Hajiya kawai yake gani, ita ma sai ya miƙa wuya. Tahir bai yi ƙarya ba. Ya ɗebo guda, ya kai baki.

“Rana tana damuna,” in ji Hajiya. Ta sauke marfin kare rana da ke gabanta.

Akwai madubi a jikinsa. Ja'afaru bai gwada wannan a kasuwa ba.

Ido biyu suka cika madubin, da kwalli, suna kallonsa kai tsaye. Ya daskare, ƙwayar fasfas tsakanin haƙora. Hajiya ta gyara bakin mayafinta ta dama. Ta gyara ta hagu. Ta shafa gira a hankali, ba gaggawa. Kafaɗar Sundus ta fara rawa a kan sitiyari, irin rawar ta uwarta.

Sannan Hajiya ta tura marfin sama, ya rufe.

“Ta yi sauƙi,” in ji ta. “Ke, dubi gabanki, ɗaki kike ja.”

Daga can ƙarshen motar, a hankali, aka ji ƙas.