Unguwar da Gwaggo Turai Ta Zaɓa

Tun ranar da Yaya Hadi ya kira daga Kano ya ce 'yarsa Radiyya ta samu gurbin karatun haɗa magunguna a Guangzhou, abinci ya daina yi wa Turai daɗi. Ba wai ba ta son yarinyar ba. Ita ta yi mata kitson farko, ita ta goya ta har zaninta ya ƙoɗe. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne maganar da yayan nata ya rufe wayar da ita.

"Ɗakunan kwanan makarantar sun cika, wai sai baɗi," in ji shi. "Ni ko a jikina, tunda gwaggonta na garin. Amana ce na ba ki, Turai."

Ta ce to, Allah ya kawo ta lafiya. Me za ta ce?

A gidansu na Gwammaja, Hajiya Turai 'yar China ake ce mata, kuma kowa ya ɗauka a wani dogon bene mai lifta take, tana shan iska. A can gida babu wanda ya san bizarta ta mutu shekara huɗu ke nan. Lokacin korona ne ta ba wani ejan fasfonta ya sabunta mata, ya riƙe shi wata biyar, ya dawo mata da shi yadda ya karɓa, sai haƙuri. Kafin nan wa'adi ya wuce. Tsoro ya hana ta kai kanta, ta ce bari a kwana biyu, kwana biyun suka yi ta haihuwa.

Ɗakin da take ciki a wani lungu na Sanyuanli da sunan ƙawarta Saudat aka kama shi. Lungun irin wanda gidaje suka matsu ne, in ka miƙa hannu ta taga sai ka taɓa shanyar maƙwabci, rana kuwa sai dai a ba ka labarinta. Daga nan zuwa kasuwar Canaan, inda take saro wa 'yan kasuwar Kwari ta Kano kaya, nan duniyarta ta tsaya. Ba ta hawa jirgin ƙasa. Kayanta na tashi daga tashar jiragen ruwa ta Huangpu amma ita ba ta taka can. Har sallar Juma'a a masallacin Huaisheng ta haƙura da ita, saboda hanyar akwai masu tambayar takarda.

Ga kuma dokar garin: duk baƙo sai an yi masa rajistar inda yake kwana a ofishin 'yan sanda, kuma sukan biyo su ƙwanƙwasa ƙofa su ga ko da gaske ne. Ranar da aka rubuta sunan Radiyya a ɗakin nan, ranar za a buɗe a ga Turai. Ita a tafi da ita, wannan ta daɗe da sallamawa. Amma yarinyar da ta zo da takarda fes, a same ta ɗaki ɗaya da mai mataccen fasfo? Karatun ke nan ya tashi tun ba a buɗe littafi ba.

Ranar da Radiyya ta iso, Malam Ango ta tura filin jirgi. Ɗan Damagaram ne, dillalin gidaje, siriri mai yawan magana da sirka Faransanci, kuma shi kaɗai ne ban da Saudat ya san halin da take ciki. Ya sauke Radiyya a wani ƙaramin otal, ita kuwa Turai ta jira su a shagon taliyar Musulmin China da ke bayan layin.

Da yarinyar ta shigo, Turai ta kasa tashi. Radiyya ta yi tsawo, ta sa tabarau, tafiyarta sak ta ubanta. Ta durƙusa har ƙasa a tsakiyar shagon, masu cin taliya suka tsaya da tsinke a hannu suna kallo.

"Gwaggo, ina wuni? Yaushe za mu tafi gida? Umma ta ba ni kuka da daddawa in kawo miki."

"Wane gida? Ɗakina ai sito ne, diloli har rufi."

"Ko a kan dila sai in kwanta, Gwaggo."

"Mai karatu ba ta zama cikin hayaniyar 'yan kasuwa," Turai ta ce, tana juya taliyar da ba za ta ci ba. "Unguwa mai aminci za mu nema miki."

Radiyya ta ce to. Wannan to ɗin ya fi zagi ciwo.

Washegari suka fara yawo, Ango a gaba da wayoyinsa biyu. Zafin garin mai danshi ne, mayafi na manne wa mutum a wuya. Unguwar Xiaobei ya fara kai su, kuma tun daga bakin layi fuskar Radiyya ta washe. Wani na faɗa da Hausa a waya kan kwantena, ƙamshin miyar kuka na saukowa daga wani bene, wata mata ta ce musu sannunku da rana.

"Gwaggo, nan kamar Fagge!"

"Bon, nan ba ta da matsala," in ji Ango. "Tuwo a sama, masallaci kusa, ko ciwon kai ta yi mutum goma za su taso."

Turai ba ta ji ƙarshen maganar ba. Ta hango mutum biyu cikin kaki a ƙarshen layin, sun tsayar da wani saurayi yana lalube a jakarsa. Ƙafafunta da kansu suka juya ta cikin wani shagon robobi. Nan ta tsaya tana taya bokiti, ta ɗaga wannan ta ajiye, ta ƙwanƙwasa wancan, kai ka ce aurar da 'ya za ta yi. Sai da layin ya yi fayau ta fito, da bokiti ja a hannu wanda ba ta da abin yi da shi.

"Nan bai yi ba," ta ce. "Samari sun yi yawa, ga zaman banza."

Gaskiyar ita ce nan ƙwanƙwasa ƙofa ba ta da rana, kuma rabin layin sun san Turai. Mako guda ya isa wata mai bakin ganga ta zaunar da yarinyar ta ba ta labari.

Kwana biyu suka yi suna hawa benaye. Akwai masu gidan da suka amsa wa Ango a waya da fara'a, da suka buɗe ƙofa suka ga fuskoki uku baƙaƙe sai su kaɗa hannu, "Meyo, meyo," wato babu. Kalmar da Radiyya ta fara koya ke nan a ƙasar, kafin ma sannu. Wani ɗakin ba taga, wani a saman gidan karta yake, wani kuma Turai ce ta ƙirƙiro masa aibi don ya yi kusa da lungunta. Yarinyar dai sai bin su take tana share gumi.

Rana ta uku Ango ya samo motar wani abokinsa suka nufi Panyu, kusa da makarantar. Unguwa ce mai katanga, da bishiyoyi a jere, tsofaffi na tura jikoki a keke. Ƙofar shiga ta ƙarfe ce, fuskar mazauna take dubawa ta buɗe da kanta. Baƙo kuwa sai ya miƙa wa mai gadi fasfo, ya buɗe shafin biza ya rubuta. Mai ɗakin tsohuwar malamar makaranta ce, da ta ji ɗaliba ce ta ce ita da kanta za ta raka ta rajista.

Ango ya rage murya. "Hajiya, nan ko ɓera sai da takarda. Kin san ke ba ki shiga."

"Na sani."

Ta kara waya a kunne ta ce kastoma ne daga Kano, su shiga su gani. Tana tsaye a tsallaken titi tana magana da wayar da babu kowa a ciki har suka fito. Radiyya ta ce ɗakin yana da haske, har da ɗan baranda. Turai ta ce an gama, nan ne.

La'asar ba ta yi ba Yaya Hadi ya kira.

"Turai, abin da nake ji gaskiya ne? 'Yata a ɗakin haya ita kaɗai cikin baƙin mutane, ke kina garin?"

"Yaya, kusa da makaranta ne. Babu inda ya kai shi tsaro."

"Tsaro ya wuce gaban gwaggonta? In ɗawainiya kike gudu ki faɗa min. Me zan ce wa uwarta? Wallahi China ta canja ki."

Maganar ta zo mata har baki. Kalma huɗu ce, ba ni da biza, ta faɗa ta huta. Amma ta san Yaya Hadi: kafin magariba ya kira kawunsu, kawu ya kira limamin unguwa a sa ta a addu'a, gobe labarin ya dawo Canaan ta bakin 'yan Kwari. Ta ce ya yi haƙuri. Ya kashe wayar ba sallama, ta zauna a kan dila ta yi kukanta mai isarta.

Ranar tarewa ana yayyafi. Ango ya shigar da akwatuna ya wuce wani aikin. Radiyya ta fito bakin ƙofa, inda Turai ke tsaye, da ƙullin turaren wuta da ɗan kasko mai aiki da lantarki.

"Gwaggo, Umma ta ce kar in kwana a ɗakin sai kin shiga da ƙafar dama, kin sa turare, kin yi min addu'a. Ta ce haka aka yi mata, haka aka yi wa kowa a gidanmu."

Haka ne kuwa. A gidansu ba a tarewa sai babba ta fara shiga. Turai ta shirya wa kowace tambaya amsa, wannan ce kaɗai ba ta zo mata a rai ba.

Mai gadin, wani dattijo mai fara'a, ya leƙo ya miƙo hannu.

"Na manto fasfon a gida," ta ce.

Radiyya ta yi masa bayani da Turanci da hannu. Ya yi dariya, ya nuna waya, ya ɗaga babban yatsa.

"Ya ce ko hotonsa ma ya isa, Gwaggo. Ai kina da shi a waya."

Dattijon na jira da biro a hannu, yana murmushi. Mutumin kirki ne, kuma kirkin nasa ya toshe mata hanya ta ƙarshe. Turai ta kama hannun yarinyar ta ja ta zuwa rumfar jiran bas.

"Radiyya, buɗe kunnenki. Ba ni da biza. Shekara huɗu ke nan. In na miƙa wa mutumin can fasfona, yau ba zan kwana a ɗakina ba, ke ma kuma sai an tambaye ki."

Yarinyar ta cire tabarau ta riƙe. Bas ya zo ya tsaya, ya buɗe ƙofa, ya rufe ya tafi. Turai na ganin leɓɓanta na motsi, tana lissafin shekaru.

"Rasuwar Hajiya shekara uku," ta ce a hankali. Kakarta take nufi, mahaifiyar Turai. "Gwaggo, a gida cewa aka yi kasuwa ce ta hana ki zuwa. Ni ma na faɗa. Wallahi ni ma na faɗa."

"Ni kaɗai na yi zaman makokina, a ɗaki, kwana bakwai. Bar wannan."

Radiyya ta rungume ta tana kuka, ƙullin turaren ya matse a tsakaninsu. "To ni zan riƙa zuwa. Duk Asabar zan zo in yi miki wanki, mu yi tuwo."

Nan ne wurin da Turai ta fi tsoro, don abin da ranta ke so ke nan tun ranar da aka ce yarinyar na tafe. A ce yau ga wani nata a ɗakin nan, ana taɓa hira ana tuƙa tuwo. Ta ɓanɓare hannuwan yarinyar daga jikinta.

"Ba za ki zo ba. Ba ki san gidana ba, kuma kar ki tambayi Malam Ango. In makaranta ta ce ki rubuta wani naki a garin nan, ki bar wurin ba komai. In kika hango ni a hanya an tsayar da ni, ki wuce, kar ki ko waiwayo. Kin ji ni?"

"Haba Gwaggo..."

"Kin ji ni, na ce?"

"Na ji."

"Babanki kuma ki bar shi da fushinsa. Shiga, ruwa na taɓa ki. Ki sa turaren da kanki, ki fara da bismillah."

Radiyya ta tsallaka titi tana share fuska da gefen hijabi. Ƙofar ta ƙi gane ta saboda kukan, sai da ta mayar da tabarau ta tsaya cak, sannan ta buɗe. Ta shiga, ƙarfen ya koma ya rufe.

Turai ta ɗaga kai. Bene ne hawa ashirin da wani abu, tagogi iri ɗaya, barandu iri ɗaya. Sai a lokacin ta tuna ba ta ko tambayi hawa na nawa ba ne. Ta tsaya a rumfar ta ɗaga hannu, ta karanta duk abin da ake karantawa in 'ya ta tare, ba ta rage ko ɗaya ba. Da ta gama ta rasa tagar da za ta fuskanta, sai ta tofa wa ginin gaba ɗaya.